Ƙugiya Ɗaya

Shagonmu na ɗab'i yana Tudun Wada,
bayan mai faci, daura da mai shayi.
Baba ya rasu ya bar mini makulli,
da inji biyu, da bashi uku,
da Malam Haladu,
wanda ba ya cikin lissafin gado
amma ya fi injinan nauyi.

Ni ne manaja. A Kongo na yi karatu,
na haddace jadawalin riba da faɗuwa.
Shi kuwa tabarau ne ɗaure da zare,
da yatsu masu tawadar shekara talatin
wadda alwala biyar a yini ta kasa gogewa.

Wata Laraba muka gama littafin 'yan aji biyu,
kwafi dubu uku, na wata makaranta a Wusasa.
Mota na ƙofa, direba na ta danna oda.
Malam Haladu ya kai shafi na tara bakin taga,
ya daɗe yana kallo, sannan ya ce,
"Ɗan Alhaji, ƙugiya ta faɗi.
An so yaro ya wanke ƙafa,
mu mun ce masa ya wanke kafa."

Na yi dariya. Na ce, wa zai lura?
Shugabar makarantar kwali za ta ƙirga.
Ya ce, "Yara dubu uku za su gani,
kuma su ba su san takarda na kuskure ba.
Wanda ba ya gyangyaɗi kuwa,
tun kafin tawadar ta bushe Ya gani."

Sai na shiga lissafi a tsaye:
takarda, faranti, man janareta,
har zuciyata ta kai maƙogwaro.
Na ƙwala wa Ya'u kira, yaron da ya shirya shafin,
na ce daga albashinsa zan cire,
wata biyu, ko uku, har a biya.
Ya'u ya sunkuyar da kai.
Na san matarsa ta kusa sauka.

Tsohon bai ɗaga murya ba.
Ya jawo takardar gwaji daga aljihun tebur,
ya ɗora yatsa a ƙasan shafin.
"Sa hannun wa ne nan?"

Nawa ne.
Na tuna ranar: waya a kunne,
ina cinikin fili a Dogarawa,
alƙalami na tafiya, ido bai bi shi ba.

Ya ce, "Idan akuya ta shiga gonar mutane,
makiyayi ake nema a gaban mai unguwa.
Kujerar nan da kake kai amana ce,
mahaifinka ma aronta ya yi."

Na sallami direba da haƙuri da kuɗin mai.
Muka yi Isha a tabarmar bayan inji,
Ya'u ne ya ja mu, don ya fi ni karatu.
Sannan muka kunna.
Ni da ban taɓa naɗa takarda ba
na naɗa har yatsuna suka yi kanta,
Malam Haladu na bin kowane shafi
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafar baƙi.

Kafin a kira Asalatu muka ɗinke na ƙarshe.
Na buɗe akwatin kuɗi nan take,
na ba kowa ladan darensa
tun rigarsa na jiƙe a bayansa,
yadda aka karantar da mu a zaure
na ajiye shi can ban taho da shi ofis ba.

Watan nan babu riba.
Gurɓataccen shafin na manna shi a bango,
daidai inda idona ke sauka
duk lokacin da na ɗauki alƙalami.